Raba dogayen kalmomin Ingilishi gaɓa-gaɓa da gano gaɓar da ake ƙarfafawa

Wani malamin sakandare da aka ba wa ajin da zai rubuta jarrabawar WAEC ya aiko da wannan tambaya: ɗalibansa suna rikicewa idan suka gamu da dogayen kalmomi irin su responsibility da examination da photography, ba su san inda za su yanka kalmar ba, ba su kuma san gaɓar da za su ƙarfafa ba. Shin akwai ƙa'ida, ko kuwa sai dai a haddace kowace kalma ita kaɗai?

Malam, akwai ƙa'ida, kuma a dogayen kalmomi ta fi tsayawa da ƙafafunta fiye da a gajeru, domin yawancin dogayen kalmomin Ingilishi ginannu ne daga saiwa, wato tushen kalma, da ɗafi, wato guntun da ake liƙa mata a farko ko a ƙarshe, ɗafin ƙarshe kuwa shi ne yake yanke hukuncin inda ƙarfin murya zai sauka. Saboda haka abin da nake so ka fara sauyawa a wurin ɗalibanka shi ne inda suke fara duba kalma. Sun saba farawa daga farko, kamar yadda ake karatu, alhali mai neman gaɓar da ake ƙarfafawa daga ƙarshen kalma yake ƙirgowa.

Kafin a kai ga wannan, dole a san mece ce gaɓa a Ingilishi, kuma a nan rubutun Hausa ya saba mana da abin da ba ya aiki a can. A Hausa, idan ka ƙirga wasulan da aka rubuta ka kusa samun adadin gaɓoɓi daidai, domin gaɓar Hausa siffa uku gare ta kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai kuma baƙi da wasali da baƙi. Ingilishi bai tsaya nan ba. Gaɓa ɗaya tana iya farawa da baƙaƙe uku a jere, kamar a street, tana kuma iya ƙarewa da huɗu, kamar a texts, inda ake jin k da s da t da s ba tare da wasali a tsakaninsu ba. Wannan ne ya sa da Hausa ta aro kalmomi daga Ingilishi ta cusa wasula tsakanin baƙaƙen, bread mai gaɓa ɗaya ya zama burodi mai uku, brake ya zama birki, driver ya zama direba. Hausa ta yi daidai da ta yi haka, tsarinta ke nan. Amma ɗalibin da ya shigar da wannan ɗabi'a cikin furucin Ingilishi zai ƙirga gaɓoɓi fiye da waɗanda suke akwai, kuma da zarar ƙidaya ta karkace, duk ƙa'idar da za a ɗora a kanta ta karkace.

Abin da ake ƙirgawa shi ne sautin wasali da kunne yake ji, ba harafin da ido yake gani ba. Kalmar make tana da haruffan wasali biyu amma gaɓarta ɗaya ce. Developed gaɓa uku ce, domin ɗafin -ed ba ya ƙara gaɓa sai idan ya biyo bayan sautin t ko d, kamar a wanted da decided. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai inda wasula biyu suke maƙwabtaka amma kowanne gaɓarsa daban, kamar cre-ate da sci-ence da ra-di-o, akwai kuma inda l ko n yake riƙe gaɓa shi kaɗai ba tare da cikakken wasali ba, kamar ƙarshen bottle da button. Sai rukunin da ya fi yaudarar ɗalibai, wato kalmomin da ake haɗiye musu gaɓa guda a maganar yau da kullum: comfortable da vegetable da interesting, kowace uku ake ji a bakin yawancin Turawan Ingila duk da cewa rubutu yana nuna huɗu, chocolate kuma biyu.

Game da inda ake yankawa, ya kamata ka san cewa yanka iri biyu ne, kuma littattafai da yawa suna cakuɗa su. Akwai yankan rubutu, wanda masu ɗab'i suke amfani da shi idan kalma ba ta shiga ƙarshen layi ba, kuma shi ne ƙamus da dama suke nunawa da ɗigo-ɗigo a tsakiyar kalma. Wannan yana girmama ginin kalma, shi ya sa ake rubuta teach-er. Akwai kuma yankan furuci, inda kunne yake jin baƙin tsakiya ya manne wa gaɓar da ke gaba. Don aikin aji, ƙa'idoji kaɗan sun wadatar. Baƙi biyu iri ɗaya a rubutu ana raba su, kamar let-ter da com-mit-tee. Haruffa biyu da suke wakiltar sauti ɗaya, irin su th da sh da ch da ph, ba a shiga tsakaninsu. Baƙin da ya zo kafin -le na ƙarshe yana tafiya tare da shi, kamar ta-ble da ar-ti-cle. Idan baƙaƙe suka taru a tsakiyar kalma, ana tura wa gaɓar gaba duk waɗanda za su iya fara kalmar Ingilishi, shi ya sa ake cewa con-struct da de-stroy, tunda str tana fara kalma, amma at-las, tunda babu kalmar Ingilishi da take farawa da tl. Sannan gajeren wasalin da aka ƙarfafa ba ya son a bar shi a buɗe, yana riƙe baƙin da ke binsa, kamar lem-on da cit-y, saɓanin pa-per da ti-ger masu tagwan wasali.

Ba na son ka ɓata makonni a kan wannan. Manyan ƙamus na furuci su kansu ba su yi ittifaƙi a kan kowace iyaka ba: ƙamus ɗin da Daniel Jones ya fara fitarwa a 1917, a bugunsa na baya-bayan nan, ya fi tura baƙi zuwa gaɓar gaba, shi kuwa wanda J. C. Wells ya fitar a 1990 ya fi manna shi ga gaɓar da ta fi ƙarfi. Abin da ba su saɓa a kai ba, kuma shi ne ɗalibi yake buƙata, shi ne adadin gaɓoɓin da kuma wadda ta ɗauki ƙarfi.

Ita ƙarfafawa abubuwa huɗu ne a haɗe: gaɓar ta fi 'yan'uwanta tsawo, ta fi su amo, murya takan tashi ko ta sauya a kanta, kuma wasalinta yana fitowa cikakke. Bahaushe yana da kunne mai kyau ga tashin murya saboda karin sauti, wanda da shi muke bambanta wuya na jiki da wuya ta wahala, kuma kakanninmu sun ji ƙarfafawar Ingilishi a matsayin karin sama, abin da har yanzu ake ji a kalmomin aro, domin a farfesa da direba gaɓar tsakiya ce take sama, daidai wadda Bature yake ƙarfafawa a pro-FES-sor da DRI-ver (manyan haruffa suna nuna gaɓar da aka ƙarfafa, DRI kuwa ta koma tsakiya a direba ne saboda wasalin da Hausa ta cusa). Wannan rabin aikin ne, kuma ɗalibanka sun iya shi tun daga gida. Rabin da ba su iya ba, wanda a ganina ya fi muhimmanci, shi ne raunana sauran gaɓoɓin. A Hausa kowace gaɓa tana riƙe wasalinta ko tana sama ko tana ƙasa. A Ingilishi gaɓar da ba a ƙarfafa ba sau da yawa tana rasa wasalinta na rubutu, ya koma wani gajeren sauti maras launi wanda ƙamus yake rubutawa da alamar ə, mai kama da gajeren a na farkon kalmar tafi idan an faɗe ta da sauri. Wannan sauti ya fi kowane wasali yawan fitowa a maganar Ingilishi. Dubi PHO-to-graph da pho-TO-gra-phy. A ta farko o na farko cikakke ne, na biyu ya raunana. A ta biyu na farkon ne ya raunana, na biyu ya cika, a na gaɓa ta uku shi ma ya raunana. Ɗalibin da ya ɗaga murya a wurin da ya dace amma ya furta kowane wasali cikakke, mai saurare daga waje zai ji kamar ya ƙarfafa gaɓoɓin duka ne.

Dalilin da ya sa Ingilishi bai da ƙa'ida ɗaya tilo yana cikin tarihinsa. Tsohon Ingilishi, kamar danginsa na harsunan Jamusanci, yana ƙarfafa gaɓar farko ta saiwa. Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci suka kwararo da nasu tsarin mai karkata zuwa ƙarshe, daga baya kuma, musamman a ƙarni na 16 da na 17, masana suka ɗebo dubban kalmomi daga Latin da Girkanci. Dogayen kalmomin da suke damun ɗalibanka yawancinsu daga wannan kaso na ƙarshe suke, kuma ɗafinsu ya kasu gida uku.

Gida na farko, wanda ya fi ba da riba a jarrabawa, shi ne ɗafin da yake jawo ƙarfi zuwa gaɓar da ke gabansa kai tsaye. A nan ne -tion da -sion suke, da -ic da -ical, da -ity, da -ian da -ial da -ious. Duk tsawon kalma, idan ta ƙare da ɗayansu, to gaɓar da ta zo kafin shi ita ce: ex-am-i-NA-tion, de-CI-sion, e-co-NO-mic, po-LI-ti-cal, re-spon-si-BI-li-ty, u-ni-VER-si-ty, po-li-TI-cian, of-FI-cial, mys-TE-ri-ous. Ga abin da yake ba ni sha'awa a wannan rukuni: -ity da -ical gaɓa biyu ne, -ion da -ian da -ial ma a da gaɓa biyu ne kafin su narke su zama ɗaya, har mawaƙan Ingila na ƙarni na 16 sukan ƙirga -tion a matsayin biyu idan ma'aunin waƙa ya buƙata. Ke nan a asali ƙa'ida ɗaya ce take aiki a yawancinsu, wato ƙarfafa gaɓa ta uku daga ƙarshe. Ƙa'idar -tion kusan ba ta da togaciya a kalmomin yau da kullum. Ita -ic tana da 'yan kaɗan da ya kamata a haddace tun da wuri, domin masu shirya tambaya sun san su: A-ra-bic, PO-li-tics, CA-tho-lic, RHE-to-ric, LU-na-tic, da a-RITH-me-tic idan suna ce.

Wannan gaɓa ta uku daga ƙarshe ita ce kuma mazaunin ƙarfi a kalmomin ilimi masu ƙarewa da -logy da -graphy da -cracy da -nomy, kamar bi-O-lo-gy, ge-O-gra-phy, de-MO-cra-cy, e-CO-no-my, haka nan a aikatau masu gaɓa uku ko fiye da suke ƙarewa da -ate ko -fy, da yawancin masu -ize: E-du-cate, com-MU-ni-cate, in-VES-ti-gate, con-GRA-tu-late, i-DEN-ti-fy, SA-tis-fy, OR-ga-nize, a-PO-lo-gize. Ka tsaya sosai a kan waɗannan aikatau, domin a Ingilishin da muke yi a Najeriya mun saba tura ƙarfinsu zuwa gaɓar ƙarshe, a rediyo da majalisa da lacca duka. Ban ɗauki wannan a matsayin jahilci ba, salon furuci ne da ya zauna a ƙasa kuma muna fahimtar juna da shi sarai. Sai dai takarda ta uku ta Ingilishi a WAEC, wadda take gwada furuci, tana bin abin da ke cikin ƙamus na Ingila, kuma tana kawo kalma ɗaya a rubuce sau huɗu, kowace da wata gaɓa daban cikin manyan haruffa, ɗalibi ya zaɓi daidai. Wanda ya dogara da abin da kunnensa ya saba ji a gari zai zaɓi gaɓar ƙarshe da cikakken yaƙini, kuma ya faɗi. Abin da yake jawo ruɗanin shi ne wasalin gaɓar ƙarshe a waɗannan kalmomi ba ya raunana, yana nan cikakke, sai a ɗauka shi ne mai ƙarfin.

Gida na biyu ƙarami ne: ɗafin da yake ɗaukar ƙarfin a kansa, kusan duka daga Faransanci, kamar re-fu-GEE, en-gi-NEER, Ja-pa-NESE, ci-ga-RETTE, tech-NIQUE. Togaciyar da aka fi tambaya ita ce com-MIT-tee.

Gida na uku shi ne ɗafin da ba ruwansa, yana barin ƙarfi inda ya same shi a saiwa. Irin su -ness da -ly da -ful da -less da -ship da -ing da -er ke nan, tare da -ment da -able a mafi yawan lokuta. Dabarar a nan ita ce a cire ɗafin, a nemo ƙarfin saiwa, sannan a mayar da shi: de-VE-lop ya ba da de-VE-lop-ment, GO-vern ya ba da GO-vern-ment, FOR-tu-nate ya ba da un-FOR-tu-nate-ly. Da haka ne ƙarfi yake iya komawa har gaɓa ta huɗu daga ƙarshe ba tare da an karya wata ƙa'ida ba. Shi -able yana da 'yan kalmomi masu tawaye da ya kamata a nuna wa aji: ad-MIRE amma AD-mi-ra-ble, pre-FER amma PRE-fe-ra-ble, com-PARE amma COM-pa-ra-ble.

Idan kuwa doguwar kalma suna ce da ba ta da wani ɗafi da za a gane, to a nan ilimin da ɗalibanka suka samu a darasin Hausa zai yi musu aiki kai tsaye, domin Ingilishi ya gaji ƙa'idar Latin mai duba nauyin gaɓa, nauyin da muka sani a ma'aunin rubutacciyar waƙarmu. A dubi gaɓa ta biyu daga ƙarshe. Idan mai nauyi ce, wato tana da dogon wasali ko tagwan wasali ko ta rufe da baƙi, ita take ɗaukar ƙarfi: a-GEN-da, ho-RI-zon, di-PLO-ma, po-TA-to, di-ag-NO-sis. Idan maras nauyi ce, ƙarfin yana tsallake ta ya koma ta uku: CI-ne-ma, A-ni-mal, a-ME-ri-ca, a-NA-ly-sis. Wannan ƙa'ida ba ta kai ta ɗafi aminci ba, kuma wajibi ne a faɗa wa ɗalibai haka, domin CA-len-dar da MI-nis-ter da CHA-rac-ter sun ƙi ta ta gefe ɗaya, um-BREL-la da va-NIL-la sun ƙi ta ta ɗaya gefen. Matsalarta ta biyu ita ce rubutu ba koyaushe yake nuna tsawon wasali ba, saboda haka tana taimakon wanda ya taɓa jin kalmar fiye da wanda ya gan ta a takarda kawai.

Saura ƙaramar ƙarfafawa, wadda ba za a fahimci doguwar kalma ba sai da ita. Doguwar kalma kamar doguwar tafiya ce, sai an ya da zango kafin a isa masauki. Ingilishi ba ya fara kalma da raunanan gaɓoɓi biyu a jere, don haka idan babban ƙarfi yana gaɓa ta uku ko bayanta, ɗaya daga cikin biyun farko za ta sami ƙaramin ƙarfi ta kuma riƙe cikakken wasalinta. Sau da yawa ƙaramin ƙarfin yana zama ne daidai inda babban yake a kalmar da aka samo ta daga gare ta. Com-MU-ni-cate ya haifi communication, babban ƙarfi ya koma ca, ƙarami ya zauna a mu. Ex-A-mine ya haifi examination, ƙarami yana kan gaɓa ta biyu. OR-ga-nize ya haifi organization, ƙarami yana kan ta farko. Ƙamus yana nuna babban da ɗan gajeren layi a tsaye a sama, ƙaramin kuma da irinsa a ƙasa, kuma dukkansu kafin gaɓar ake sa su, ba bayanta ba. Na sha ganin ɗalibai suna karanta alamar a matsayin ta gaɓar da ta gabace ta, sai ƙamus ɗin da ya kamata ya gyara su ya ƙara tabbatar musu da kuskure. A jarrabawa babban ƙarfin ake tambaya, kuma ƙaramin ne yakan zama tarkon da ake ɗana musu a cikin zaɓi.

Akwai wuraren da Turawan kansu suka rabu. Mutumin Ingila yana cewa la-BO-ra-tory da ad-VER-tise-ment, na Amurka yana ƙarfafa gaɓar farko a laboratory, a advertisement kuma yakan kai ƙarfin kan tise. Controversy da kilometre kuwa, a Ingila kanta ana jin furuci biyu ga kowace. Tunda ɗalibanka suna kallon fina-finan Amurka suna kuma karatu da littattafan da suka bi Ingila, ka gaya musu a fili cewa duka biyun Ingilishi ne, amma a zauren jarrabawa su bi wanda ƙamus na Ingila ya fara kawowa. Haka kuma ƙarfi yana iya matsawa baya idan kalma ta shiga jimla ta yi karo da wata mai ƙarfi a farko: af-ter-NOON ita kaɗai, amma a afternoon tea ƙarfin ya koma gaɓar farko. Wannan ba ya shafar tambayar da ta kawo kalma ita kaɗai.

A aikin aji, na fi ganin amfanin koyar da kalmomi dangi-dangi a kan jera su ɗaiɗai. Ka rubuta DE-mo-crat da de-MO-cra-cy da de-mo-CRA-tic a layi ɗaya, NA-tion da NA-tion-al da na-tion-A-li-ty da na-tion-al-i-ZA-tion a layi na biyu, e-LEC-tric da e-lec-TRI-ci-ty da e-lec-TRI-cian a na uku, ka bar ɗalibai su faɗi da kansu wane ɗafi ne ya motsa ƙarfin, wane ne ya bar shi. Kafin su furta kalma, su fara rera ta da baki a rufe, ba baƙi ba wasali, domin a haka ne adadin gaɓoɓi da wadda ta yi fice suke fitowa ba tare da rubutu ya tsoma baki ba. Idan kalma ta yi tsawo har harshe yana sarƙewa, a gina ta daga baya: ty, sannan li-ty, sannan BI-li-ty, sannan si-BI-li-ty, har a kai ga responsibility cikakkiya, tunda ta wannan hanya ƙarfin yana zama a mazauninsa tun kafin gaɓoɓin farko su shigo. A kowane zagaye kuma ka sa su ja layi ƙarƙashin wasulan da suka raunana, su duba ƙamus su ga ko alamar ə tana wurin, sannan su maimaita kalmar suna gajarta waɗannan wasula da gangan har sai gaɓa ɗaya ce kawai ta rage a tsaye.